Idan jijiyar gani ta lalace, me ke samun ƙwaƙwalwa?

Malamin Kimiyya:
Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin da ke wannan zaure take. Kwanan nan ana yawan yaɗa cewa hawan jinin ido, wato gilakoma, ciwon ƙwaƙwalwa ne, har na ga wani mai tallar magani yana kafa hujja da hotunan ƙwaƙwalwa masu launi-launi, yana cewa maganin ɗigo da ake bayarwa a asibiti ɓata lokaci ne tunda ba ya isa inda ciwon yake. Mu dai abin da muke koya wa ɗalibai shi ne ido ya karɓi haske, jijiyar gani ta ɗauki saƙon ta kai ƙwaƙwalwa, ita kuma ta fassara. To idan jijiyar ta lalace, ai saƙo ne kawai ya yanke. Ta yaya hakan zai taɓa ƙwaƙwalwar kanta, har ya sauya yadda sassanta ke haɗe da juna?

Likitan Jijiya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga mai talla, sai an fara gyara wannan rabon da ake yi wa ido da ƙwaƙwalwa, domin a halitta ba a rabe suke haka ba. Tun tayi yana mako na huɗu a ciki, ƙwaƙwalwa ke turo ƙullutu biyu zuwa gaba, daga cikinsu ne tantanin gani na bayan ido, wato ritina, yake fitowa. Saboda haka jijiyar gani ɓangaren ƙwaƙwalwa ce da ya miƙo waje: tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa shi ya lulluɓe ta, kuma irin ƙwayoyin da ke yi wa zaruruwan ƙwaƙwalwa riga su ke yi mata. Wannan ne dalilin da ya sa jijiyar yatsa idan ta tsinke aka ɗinke takan sake tsirowa a hankali, amma ta gani ba ta yi.

A cikin kowace jijiyar gani akwai zare kimanin miliyan 1.2, kowane ɗaya jelar ƙwaya guda ce da ke zaune a ritina. Jijiyoyin biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda kusan rabin zaruruwan kowace ke tsallakawa zuwa ɗaya ɓarin. Mafi yawansu, kusan kashi 90 cikin 100, suna sauka a wani zango mai hawa shida da ke cikin talamos, wato wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa, hawa uku na idon dama, uku na hagu. Daga nan wasu sababbin ƙwayoyi ke karɓar saƙon su wuce da shi ƙeya, inda sashen gani na farko yake. Ƙeya ma ba ita ce ƙarshe ba, domin a 1991 Felleman da Van Essen sun lissafa sassa 32 masu aikin gani a ƙwaƙwalwar biri, da hanyoyi kusan 300 a tsakaninsu.

Abin da littafin sakandare ba ya faɗa shi ne ƙwayar jijiya ba ta rayuwa ita kaɗai. Tana buƙatar saƙon da ke shigo mata, tana kuma buƙatar wasu sinadarai da take samu daga ƙwayar da take aika wa. Idan zaren da ke zuwa daga ido ya mutu, ƙwayar da ke jiransa a zangon talamos takan tsuke, wani lokaci ta mutu, daga baya abin ya kai ƙeya. Kamar tashar da motoci suka daina shiga ne, ba a rushe ta ba, amma a hankali masu shaguna suke watsewa.

Ɗalibin Likitanci:
Ranka ya daɗe, in haka ne ai mai tallar bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Neeru Gupta da Yeni Yücel a Toronto sun nuna tun 2000 cewa birran da aka ɗaga wa matsin ido sun rasa ƙwayoyi a wannan zango, a hawayen da ke karɓa daga idon da ya kamu. A 2006 sun duba ƙwaƙwalwar wani dattijo da ya rasu da gilakoma, suka tarar da lalacewa tun daga jijiyar gani ta cikin ƙoƙon kai, zuwa zangon, zuwa sashen gani na ƙeya wanda ya sirance. Sannan a 2014 masu bincike a Siena ta Italiya sun ba da rahoton sauye-sauye a sassan da ba na gani ba, har da masu alaƙa da tunani da riƙe abu a rai. Ni a ganina lokaci ya yi da za a sa gilakoma a sahun cututtukan da ke cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali, a daina kallonta ta fuskar matsin ido kawai.

Likitar Ido:
Ƙanena, duk abin da ka kawo gaskiya ne, amma ka haɗa tambayoyi biyu ka mayar da su ɗaya. Ko lalacewar tana kaiwa ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Daga ina take farawa, wannan ce tambayar da ke yanke abin da zan yi wa mutumin da ke zaune a gabana. Ka duba binciken da aka yi a Groningen ta Holan a 2009, inda aka kwatanta masu gilakoma da masu lalacewar tsakiyar ritina ta tsufa. Dukkansu sun rasa nama a sashen gani, amma ba a wuri ɗaya ba. Masu lalacewar tsakiyar ritina sun rasa a can ƙarshen ƙeya, inda taswirar tsakiyar gani take, masu gilakoma kuma sun rasa a gaba, inda taswirar gefen gani take. Wato ƙwaƙwalwa ta ragu daidai wurin da ido ya daina aiko mata da saƙo. Cutar da ta faro daga ƙwaƙwalwa ba ta da dalilin bin taswirar ido sau da ƙafa haka.

Ina ganin wannan a kullum da idona. Idan na leƙa bayan ido, kan jijiya mai lafiya ja-ja ne da ɗan rami ƙarami a tsakiya. Na mai gilakoma da ta yi nisa kuwa ramin ya cinye kusan duka, bakinsa ya zama siririn zobe, jijiyoyin jini suna lanƙwasawa su faɗa ciki su ɓace wa gani. A ƙasan wannan ramin akwai wani faifai mai huda-huda da zaruruwa ke ratsawa su fita daga ido, kuma a nan ne suke fara shaƙewa.

Ɗalibin Likitanci:
Na gode, Dokta, amma akwai abu biyu da suka rage mini. Na farko, mutane da yawa suna da gilakoma alhali matsin idonsu bai taɓa wuce 21 ba, wato iyakar awon da ake ɗauka daidai. Na biyu, a 2010 ɗakin binciken David Calkins a Jami'ar Vanderbilt ya nuna a ɓeraye cewa jigilar kayan da ke bi ta cikin zaren tana fara tsayawa ne a bakin da ke cikin ƙwaƙwalwa, tun ƙwayar da ke ido tana nan da ranta.

Likitar Ido:
Bakin nan da ke cikin ƙwaƙwalwa ai jelar ƙwayar ritina ce har yanzu. Idan aka shaƙe zare a wuya, ƙarshensa mafi nisa ne zai fara jin yunwa, saboda haka binciken bai mayar da asalin ciwon ƙwaƙwalwa ba, sai dai ya nuna akwai wani lokaci da ƙwayar take a galabaice ba ta mutu ba, wanda labari ne mai daɗi ga mai magani. Game da masu matsi daidai kuwa, an gwada a babban bincike da aka buga a 1998: da aka rage musu matsin da kashi 30 cikin 100, cutar ta rage gudu. Haka kuma an gwada ra'ayinka kai tsaye. An ba mutum fiye da 2,000 memantin, maganin da ake ba masu ciwon mantuwa, da fatan zai kare jijiyar gani, aka bi su shekaru, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna bai hana cutar ci gaba ba. Har yau abin da aka tabbatar yana tsayar da gilakoma shi ne rage matsin ido, ko da ɗigo irin su timolol da latanofuros, ko da leza, ko da tiyata. Wanda ya ajiye ɗigonsa saboda hoton mai talla, ƙwaƙwalwar da yake son karewa ita ya cutar, don kowane zare da ya mutu ya ja abokan aikinsa na can ciki.

Ma'aikacin Sashen Hoto:
Bari in sa baki kan hotunan masu launi, tunda sana'ata ce. Idan an ce an auna haɗin ƙwaƙwalwa, ɗayan abu biyu ake nufi. Akwai hanyar MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, da ke bin yadda ruwa ke motsi cikin nama, domin ruwa ya fi saurin bin tsawon zare fiye da ratsa shi. Idan zaruruwa sun lalace wannan tsari yakan ragu, kuma a masu gilakoma an sha ganin raguwarsa a hanyar da ta tashi daga mahaɗar jijiyoyi zuwa ƙeya. Wannan awo ne na hanya ita kanta. Ta biyun, wadda Bharat Biswal ya fara nunawa a 1995, ita ce a kwantar da mutum ba ya yin komai na 'yan mintoci, a duba waɗanne sassa ne jininsu ke hawa da sauka tare. Idan biyu suna tafiya tare sai a ce suna da haɗi. Ba a ga wata waya a tsakaninsu ba, lissafi ne ya nuna sun yi daidai.

Launin ja da shuɗi da ake gani ba hoton kan mutum ɗaya ba ne. An tara marasa lafiya, sau da yawa ashirin ko talatin, an tara masu lafiya, an ɗauki matsakaicin kowane rukuni, sannan aka shafa launi inda suka bambanta. Awon kuma ba shi da wuyar ruɗewa: a 2012 an nuna cewa motsin kai da bai kai milimita ɗaya ba yana iya sauya sakamakon. Ga mai gilakoma yawanci dattijo ne, wataƙila da hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ma suna taɓa ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa a binciken irin na biyun wani ya ce haɗi ya ragu a wuri kaza, wani ya ce ya ƙaru. Babu likitan da zai iya kallon wannan hoton ya ce wane yana da gilakoma ko ba shi da ita. Na'urar OCT da ke auna kaurin zaruruwa a bayan ido cikin 'yan daƙiƙoƙi ta fi shi amfani nesa ba kusa ba, ga kuma sauƙin kuɗi.

Likitan Jijiya:
Na yarda da kai, sai dai kada mai karatu ya fahimci cewa hoton ƙwaƙwalwa ba shi da wuri ko kaɗan. Idan mutum matashi ne, ko ido ɗaya ne ya lalace sosai ɗayan lafiya lau, ko kan jijiyar ya koɗe fari fiye da yadda ya rame, ko kuma gwajin faɗin gani ya nuna duhun ya tsaya cak a layin tsakiya na tsaye, to dole a yi MRI na yau da kullum. Ƙarin da ya fito a ƙullin fituwitari, wanda ke ƙarƙashin mahaɗar jijiyoyin kai tsaye, yana danne zaruruwan da ke tsallakawa, sai mutum ya rasa gefen waje na idanu biyun. Ana samun waɗanda aka yi ta ba su ɗigon gilakoma alhali ƙari ne, kuma irin wannan idan aka cire da wuri gani yakan dawo. Lalacewar ma tana iya tafiya ta baya: a 2009 masu bincike a Landan sun nuna da OCT cewa mutanen da sashen ganinsu na ƙeya ya lalace, zaruruwan idonsu suna sirancewa, alhali idon ba abin da ya same shi.

Maman Khalifa:
Likitoci, Allah ya saka da alheri. Ni ba 'yar boko ba ce a wannan fanni, mahaifina nake jinya. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Ranar da aka fara duba shi an ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama ma saura kaɗan, amma shi ya rantse bai taɓa ganin duhu ba, sai dai yana yawan cin karo da ƙofa, yana kuma ture buta idan tana gefensa. Na biyu kuma, tun da ganin ya ƙara raguwa, da magariba yakan ce ga wasu 'yan mutane ƙanana sanye da kaya masu ado suna wucewa ta jikin bango, ko ya ga zanen tabarma ya rufe ɗakin duka. Ya san ba gaske ba ne, shi da kansa yake faɗa, amma 'yan'uwa sun kasu biyu, wasu na cewa iska ne, wasu na cewa ruɗin tsufa ya fara. Shin wannan yana cikin abin da kuke magana a kai?

Likitar Ido:
Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Rantsuwarsa gaskiya ce. Ƙwaƙwalwa ba ta nuna wa mutum gurbin da babu saƙo a matsayin baƙi, cike shi take yi da abin da ke kewaye. Kowa ma zai iya gwadawa: a yi ɗigo biyu a takarda tazarar kamar tsawon yatsa, a rufe idon hagu, a kafa na dama kan ɗigon hagu, a riƙa matso da takardar a hankali. Za a kai wurin da ɗigon dama zai ɓace, kuma farin takarda za a gani a gurbinsa. Wannan shi ne wurin da jijiya ke fita daga ido, kowa na da shi. A 2013 an nuna wa masu gilakoma 50 a Landan hotuna iri-iri aka ce su zaɓi wanda ya yi kama da ganinsu, babu ko ɗaya da ya zaɓi baƙin rami mai haske a tsakiya da ake bugawa a allunan wayar da kai. Ga kuma ɗaya idon yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wannan ya sa a binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 aka tarar kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da gilakoma, amma waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 na masu ita ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Ke da 'yan'uwanki ku je a duba ku, domin tana bin jini.

Likitan Jijiya:
Na biyun ma yana ciki, Hajiya, kuma sananne ne tun 1760, lokacin da Charles Bonnet na Janeba ya rubuta yadda kakansa, wanda yanar ido ta rufe wa gani, yake ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine alhali hankalinsa garau. Idan saƙon ido ya ragu, ƙwayoyin sashen gani sukan ƙara saurin tashi, har su riƙa aiki da kansu ba tare da an taɓa su ba. A 1998 Dominic ffytche da abokan aikinsa a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane a daidai lokacin da suke ganin abin, suka tarar wanda ya ga launi sashen launi ne ya tashi, wanda ya ga fuska sashen fuska ne. Alamomin da kika faɗa sun dace: ya san ba gaske ba ne, abin ba ya magana da shi, kuma ya fi zuwa idan haske ya yi ƙasa. Ku ƙara hasken ɗakin da yamma, idan abin ya zo ya ƙifta ido ko ya kai dubansa dama da hagu, ko ya tashi ya sauya wuri. Ku faɗa wa likitansa, musamman idan an sauya masa wani magani kwanan nan. Idan kuwa ya fara jin muryoyi, ko ya yarda mutanen na gaske ne, ko yana manta hanya da sunaye, wannan wani abu ne daban da ke buƙatar a duba shi.

Malamar Makarantar Makafi:
Duk bayanin ya karkata ga abin da ƙwaƙwalwa ke rasawa, ni kuma a aji abin da take samu nake gani. Yaron da aka haifa ba ya gani yakan kama Braille, rubutun makafi mai ɗigo-ɗigo, da sauri, yatsunsa na gudu kan layi kamar ba ya taɓa takardar. Babban da ya makance yana da shekara arba'in kuwa sai ya yi watanni yana dannawa da ƙarfi, yana ƙirga ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Sannan da yawa daga ɗalibanmu barcinsu ba shi da tsari, wani mako su yi da dare, wani mako da rana tsaka.

Likitan Jijiya:
Malama, abin da kika lura da shi shi ne mafi ƙarfin shaida a wannan fanni duka. A 1996 Norihiro Sadato da abokansa a Amurka sun nuna cewa sashen gani na ƙeya yana aiki idan wanda ya makance tun yana ƙarami yana karanta Braille. Shekara guda bayan haka aka dagula aikin ƙeyar na ɗan lokaci da maganaɗisu, sai masu karatun suka fara kuskure. A 2000 kuma aka ba da rahoton wata mata makauniya tun haihuwa da toshewar jijiyar jini ta taɓa ƙeyarta ɓari biyu, ta wayi gari ba ta iya karanta Braille, alhali yatsunta suna jin taɓi yadda suka saba. Wato a wurin yaro, sashen da ido bai zo ya karɓa ba, taɓi da ji har da harshe ne ke shiga su zauna. A wurin babba hanyoyin sun riga sun kafu. Akwai sauyi, amma kaɗan ne kuma a hankali. David Hubel da Torsten Wiesel sun ga tushen wannan tun 1963 a 'yan kyanwa: rufe ido ɗaya a farkon rayuwa ya sauya haɗin ƙeya har abada, rufe na babbar kyanwa bai yi haka ba.

Batun barci kuwa wata hanya ce dabam. Akwai 'yan ƙwayoyi kaɗan a ritina, waɗanda aka tabbatar da aikinsu a 2002, da ke jin haske da kansu suna aika wa agogon jiki da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan jijiyar ta mutu duka, agogon ba ya samun labarin fitowar rana, sai ya riƙa tafiya da nasa lissafin wanda ya ɗan zarce awa 24, yana zamewa kullum. Tsayayyen lokacin tashi da cin abinci yana taimakawa, likita kuma yana iya ba da melatonin, maganin daidaita lokacin barci, a lokacin da ya dace.

Wata 'Yar'uwa:
Ni tawa ba gilakoma ba ce. Kumburin jijiyar gani na yi ina budurwa, ido ɗaya ya dushe cikin 'yan kwanaki, yana ciwo idan na juya shi. Yanzu ina karanta layin ƙarshe na allon gwaji, an ce na warke. Amma jan tumatir da idon nan ya fi kama da ruwan ƙasa, kuma idan na daɗe a gaban murhu, ko a zafin Afrilu, sai ganin ya dushe har sai na huce. Idan na warke, mene ne wannan?

Likitan Jijiya:
'Yar'uwa, a irin naki rigar zaren ce garkuwar jiki ta ci, wasu zaruruwan suka mutu, saura suka sake riga amma siririya. Saƙo yana isa, sai dai a makare. A mai lafiya, idan aka nuna masa allo mai dara-daran baƙi da fari, ƙeya takan amsa bayan kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Tun 1972 aka nuna a Landan cewa bayan wannan kumburi amsar tana jinkiri ko da gani ya dawo. Zafi yana ƙara wa siririyar rigar rauni, shi ya sa murhu ke dushe miki gani, kuma Wilhelm Uhthoff ya bayyana wannan tun 1890. Ba sabuwar lalacewa ba ce.

A nan ne aka fi ganin ƙwaƙwalwar babba tana taimakawa. Binciken da aka yi a Landan a 2005 da 2010 ya nuna cewa sassan gane siffa da ke gefen ƙeya suna ƙara aiki bayan kumburin, kuma waɗanda nasu ya fi tashi tun da wuri sun fi samun gani bayan shekara, ko da ɓarnar jijiyarsu ɗaya take da ta wasu. Amma ki tabbata an taɓa yi miki MRI. A babban gwajin da aka yi a Amurka da mutum 457, bayan shekara 15 kashi 72 cikin 100 na waɗanda hotonsu na farko ya nuna tabo a ƙwaƙwalwa sun kamu da MS, cutar da garkuwar jiki ke cin rigar zaruruwan ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda ba su da tabo kuwa kashi 25 ne. A baƙar fata kuma ana ƙara neman wata cutar mai kama jijiyar gani da lakar baya, wadda aka gano gwajin jininta a 2004, domin ta fi tsanani kuma maganinta daban ne.

Ɗalibin Likitanci:
To ranka ya daɗe, idan wata rana aka iya sake tsirar da jijiyar, ƙwaƙwalwar da ta shekara goma ba ta samun saƙo za ta iya karɓa?

Likitan Jijiya:
Akwai alamar za ta iya, gwargwado. A 2021 ƙungiyar Eduardo Fernández a Elche ta Sifaniya ta ba da rahoton wata mata da guba ta kashe wa jijiyoyin gani shekara 16 kafin nan. An dasa mata ƙaramin faifai mai allura 96 a sashen gani na ƙeya na tsawon wata shida. Da farko ba ta iya bambanta hasken da na'urar ke jawowa da wanda ƙwaƙwalwarta ke yi da kanta ba, sai da ta yi kusan wata biyu tana koyo, daga baya ta iya gane wasu haruffa da bakin abubuwa. Taswirar tana nan ke nan bayan shekarun.

Likitar Ido:
Tana nan, amma matsalar tana kan hanya. Kifi da kwaɗo suna sake tsirar da jijiyar ganinsu, zaruruwan kuma su koma wurarensu na asali, kamar yadda Roger Sperry ya nuna tun shekarun 1940. A ɓera an iya sa zaruruwa su tsiro ta hanyar kashe wata ƙwayar gado a 2008, amma kaɗan ne ke yin nisa, kuma idan sun iso mahaɗa da yawa sukan ɓata hanya, wasu su juya baya, wasu su shiga jijiyar ɗaya idon. A watan Mayu na 2023 an dasa wa wani mutum ido ɗungurungum a New York, idon ya rayu, jini na zagayawa, ritina tana amsa haske, amma mutumin bai gani da shi ba. Masu cewa za su yi allurar ƙwayoyin asali a dawo da gani kuwa, a 2017 an buga labarin mata uku a Florida da aka yi wa irin wannan allura a idanu biyu a wani asibitin kuɗi, dukkansu ganinsu ya lalace matuƙa, ɗaya ta makance baki ɗaya.

Malamar Makarantar Makafi:
Akwai kuma tambayar da ba a cika yi wa makafin da kansu ba. Ɗalibina da aka haifa ba ya gani, ƙeyarsa tana karanta masa Braille, tana taya shi gane hanya da amon sandarsa. Matar Sifaniya ta yi shekara fiye da arba'in tana gani kafin ta rasa, shi ya sa aka sami taswirar da za a taɓa. Dokta, idan aka dasa wa irin ɗalibina wannan faifan, haske zai gani ko kuwa a yatsunsa zai ji?

Likitan Jijiya:
Tambayar tana da tushe, Malama. An gwada motsa ƙeya da maganaɗisu daga waje: masu gani suna ganin walƙiya, waɗanda suka makance da girma wasunsu suna gani, waɗanda suka makance tun farkon rayuwa kuwa ba kasafai suke ganin komai ba. A wani bincike da aka buga a 2008, wasu makafi ƙwararru a Braille da aka motsa musu ƙeya sun ce a yatsunsu suka ji. Saboda haka ne masu gwajin irin wannan dashe suke zaɓar waɗanda suka taɓa gani kafin su rasa.